Yadda ake tsaga katako da datse shi a injin zarto ba tare da rauni ba

Duk wanda ya zauna a shagon kafintoci a Damagaram, ko a Sabon Gari ne ko a kewayen kasuwar Dole, ya san ƙarar injin zarto mai tebur, kuma da wuya bai taɓa ganin kafinta mai guntun yatsa ba. Faifan zarto mai faɗin santimita 25 yana juyi kusan sau 4000 a minti ɗaya, wato haƙoransa na gudun da ya kusa kilomita 190 a awa, don haka babu hannun da zai iya janyewa kafin ɓarna ta auku.

Babban haɗari shi ne harbin katako. Haƙoran da ke bayan faifai sama suke tasowa, kuma idan katako ya matse su ko ya karkace ya hau kansu, sai su ɗaga shi su jefo wa mai aiki, sau da yawa ma su ja hannunsa zuwa ga faifan. Abin da ke hana wannan shi ne siririn ƙarfen nan da ke tsaye a bayan faifai yana riƙe bakin tsagar a buɗe. Ina ganin yadda wasu masu shago suke kwance shi tare da murfin faifan su ajiye, wai yana rage musu sauri, kuma wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai. A mayar da shi wurinsa, a daidaita shi yadda tazararsa da haƙora ba za ta wuce milimita 8 ba, sannan a ɗaga faifan har haƙoransa su leƙo kaɗan bisa kaurin katakon.

Wajen tsagawa a tsaye, wato bin tsawon katako, dogon ƙarfen gefe shi ne jagora. Dole ne ya kasance daidai da faifan, bai matso ciki ta baya ba, kuma gefen katakon da zai jingina da shi ya zama miƙaƙƙe. Katako mai lanƙwasa, ko ɗanye, ko tsohon da aka ciro daga rufin ɗaki mai ɓoyayyun ƙusoshi, a gyara shi ko a bincike shi tukuna. Mai aiki ya tsaya ta gefe, kada cikinsa ya fuskanci faifan. Ya tura katakon a hankali ba tsayawa, kuma idan ya rage santimita 30 a gama, ko kuwa katakon siriri ne, ya ɗauki sandar turi mai tsawon santimita 45 mai ƙugiya a bakinta. Yaron da ke karɓa ta baya aikinsa tallafa wa katako ne kawai. Idan ya ja, shi ma zai iya jawo harbin.

Datsewa a kwance tana da nata jagoran, wato ma'aunin kusurwa da ke zamewa cikin kwarin tebur. Ba a haɗa shi da dogon ƙarfen gefe, domin guntun da aka datse zai maƙale tsakanin ƙarfen da faifai ya taso kamar dutsen majajjawa. Idan ana son guntaye masu tsawo ɗaya, a ɗaure ɗan katako a jikin ƙarfen ta wajen mai aiki, kafin a kai ga faifai, a auna da shi. Yanka da hannu kawai, ba jagora ko ɗaya, bai halatta ba ko ga wanda ya tsufa a sana'ar.

A cire babbar riga, agogo, zobe da safar hannu, a sa tabarau da abin toshe kunne da takunkumin ƙura. Ba a share guntaye sai faifan ya tsaya cik, ba a kuma canza faifai sai an zare waya daga bango.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan, wato ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Idan hakan ta faru, a kashe makunnin injin nan take, a janye katakon daga faifai, domin injuna da yawa, musamman waɗanda masu walda suka haɗa a gida, suna tashi da kansu da zarar wuta ta dawo, ko da hannun yaro yana kan tebur.