Yadda mutumin Arewa zai shirya hawan Dutsen Kamaru

Wanda ya taso a Garwa ko Marwa ya saba da tafiyar ƙafa da zafin rana, shi ya sa idan aka ce masa hawan Dutsen Kamaru yana da wuya, sai ya ɗauka nisan hanya ake nufi. Abin da ya fi mayar da mutanenmu daga tsakiyar hanya shi ne sanyi da ƙarancin iskar shaƙa, kuma a kan waɗannan biyun ya kamata a gina duk wani shiri. Dutsen yana kusa da teku a yankin Kudu maso Yamma, tsayinsa ya haura mita 4,000, wato ya ɗara Emi Kusi na ƙasar Chadi mai mita 3,415. Dutse ne mai aman wuta, ya yi aman a 1999 da 2000, kuma tun 2009 gwamnati ta mayar da kewayensa gandun daji na ƙasa.

A tsayar da tafiyar cikin rani, daga Nuwamba zuwa Maris, domin ruwan da ake yi a gindin dutsen da damina ba irin namu ba ne: ƙauyen Debundscha yana samun kusan milimita 10,000 a shekara. Hanya kuwa sananniya ce, jirgin ƙasa daga Ngaundare ya kwana da mutum zuwa Yawunde, sai mota zuwa Duwala, sannan Buea, garin da ke gindin dutsen. Kafin a sayi tikiti a tambayi 'yan uwa mazauna can halin tsaro, saboda rikicin da ya addabi yankin tun 2016, kuma kada katin ɗan ƙasa ya rabu da aljihu.

Ba a shiga gandun sai da takardar izini da ɗan jagora. Shawarata ita ce a ɗauki ɗan dako ma, ko da mutum yana ji da ƙarfi, domin mafi nauyin kayan ruwa ne. Ƙasar dutsen tsakuwar wuta ce mai shanye ruwan sama nan take, don haka da zarar an wuce na farko cikin masaukai ukun da ke kan hanyar hawan ba a sa ran samun rafi. Wannan ya shafi salla: a tanadi ruwan sha a yi taimama, a kuma tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun daga gida.

Maganar sutura ita ce inda na fi so a saurare ni. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, ga kuma iska mai kaɗawa ba tare da wata bishiya da za ta tare ta ba. Rigar sanyin da ke isar mutum lokacin hunturu a Ngaundare ba za ta yi komai a can ba. A sa riguna uku ko huɗu a kan juna yadda za a iya tuɓe ɗaya idan gumi ya zo, a haɗa da rigar ruwa, hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, da bargo mai kauri. Da asuba a masauki na biyu yatsu kan sandare har ɗaure igiyar takalmi ya gagara, sai an cusa hannu a hammata na ɗan lokaci. Takalmin kuma ya zama wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, mai kaushin ƙasa. Guzuri ba ya buƙatar dogon bayani: kilishi, dabino, gyaɗa, burodi da kayan shayi sun wadatar.

Hanyar da aka fi bi tana tashi daga saman Buea, tana da masaukai uku. Farkonta kurmi ne mai duhu da laima, sannan kwatsam bishiyoyi su ƙare a fita fili mai ciyawa, inda hawan ya fi tsauri. Kowace shekara ana tseren hawa da sauka a wannan hanyar, al'adar da ta faro a 1973, kuma gwanaye kan gama cikin sa'o'i biyar ko ƙasa da haka. Kada labarinsu ya ruɗi baƙo. Shi ya ware kwana biyu ko uku, ya taka a hankali yadda zai iya magana ba tare da haki ba, yana kurɓar ruwa ko bai ji ƙishi ba, musamman wanda ya fito daga Garwa, inda tudun ƙasa bai kai mita 300 ba.

Idan ciwon kai ya zo da jiri ko tashin zuciya, a tsaya a gaya wa ɗan jagora, kada kunyar abokan tafiya ta sa a ɓoye. Idan an huta bai lafa ba, ko mutum ya fara tangaɗi da rikicewar magana, maganinsa sauka ne nan take, ko da ƙololuwar tana gaban ido.

Ana barin masauki tun da duhu domin a isa sama kafin gajimare ya rufe, don haka a riƙe tocila. A can sama ba a daɗewa. Saukowa kuma ita ce mai cin gwiwa, domin baƙar tsakuwar tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, yatsu suna dukan bakin takalmi. A yanke farce tun kafin a taso, a riƙe sanda, a sauko da duk ledar da aka hau da ita, sannan a huta kwana ɗaya a Buea kafin a shiga motar Duwala, domin sai washegari cinyoyi suke ɗaurewa.