Yadda ake shuka darbejiya a gida ta kama ko da ruwa ya yi maka wuya

Na san wani zai ce darbejiya kuma sai an koya wa mutum shuka ta? Ai ga ta nan ko'ina, bakin titi, filin makaranta, maƙabarta. Haka ne, amma ka duba da kyau, manyan da kake zama a inuwarsu iyaye da kakanni ne suka raine su, mu namu da muke dasawa a sababbin unguwanni da yawa ba sa kai shekara, ko akuya ta cinye ko rani ya ƙone su. Ni kuma ba inuwa kaɗai ta sa nake son bishiyar nan ba, ƙamshin furenta ne. Wajajen Maris zuwa Afrilu da bazara ta kankama, itatuwa da yawa sun zubar da ganye, ita tana nan kore shar, sai ta fitar da 'yan ƙananan furanni farare, bayan magariba in iska ta ɗan kaɗo ka ji wani ƙamshi kamar na zuma ya cika tsakar gida, da safe kuma ƙudan zuma sun yi dafifi a kai.

Wasu su ce dogon yaro, wasu maina, duk ita ce. Asalinta daga Indiya ne, an shigo da ita Najeriya ta Ghana a 1928 aka fara dasawa a Borno, shi ya sa Maiduguri ta cika da ita. A Nijar ma da ita aka yi shingen tare iska a kwarin Majiya cikin jihar Tahoua tun 1975, kuma duk wanda ya sauke farali ya ga irinta a filin Arfa. Toh itacen da ya rayu a Arfa ai tsakar gidanka ba za ta gagare shi ba.

Fara da iri, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Irin darbejiya ba ya ajiyuwa kamar gero ko wake, in ya yi 'yan makonni kaɗan ya mutu. Ni na taɓa tara shi cikin gwangwanin madara na ajiye wata huɗu ina jiran na gama katanga, da na zo na shuka leda ashirin ko ɗaya bai fito ba, wallahi abin ya min ciwo don kullum sai na ba su ruwa safe da yamma. Saboda haka da zarar ka ga 'ya'yan sun nuna sun yi rawaya suna zuba, tsinci sababbi, ko waɗanda jemagu suka tsotse suka yar a gindin bishiyar, waɗannan ma sun fi don an riga an cire musu ɓawo. Murje su cikin ruwa har yauƙin nan ya fita, ka shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, banda rana, sai ka shuka cikin satin.

Samo leda, ko ta fiya wata ma ta yi in ka huda ta ta ƙasa. Cika ta da ƙasa mai yashi da ka gauraya da ruɓaɓɓen taki, ka tura iri biyu zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ka ajiye inda rana ba ta duka sosai kana yayyafa ruwa. Cikin sati ɗaya zuwa uku za ka ga tsiro. In duka biyun sun fito cire raunanan ka bar ɗaya. Wanda ba shi da wannan haƙurin ya je gindin babbar darbejiya da damina zai tarar da 'yan tsiro birjik, ya haƙo ɗaya da ƙasarsa kada ya tsinke saiwar tsakiya, ko ya saya wajen masu sayar da dashe.

Sai wurin da za ka dasa, dan Allah ka tsaya ka yi tunani a nan don bishiya ce da za ta fi ka daɗewa a gidan. Kada ka kai ta jikin katanga ko kusa da sokawe ko rijiya, saiwarta neman danshi take yi kuma tana da ƙarfi, a unguwarmu akwai katangar da ta tsage tun daga ƙasa har sama saboda an dasa ta taku ɗaya daga gini. Ba ta aƙalla taku biyar zuwa shida daga kowane gini, ka ɗaga kai kuma ka duba wayar wuta. Wurin da ruwa ke kwanciya da damina ma ba nata ba ne, ta fi jure ƙishi a kan ruwa ya zauna mata a gindi. In so samu ne sa ta ta ɓangaren da iska ke shigo maka da yamma, ƙamshin ya riƙa biyowa har ɗaki.

Haƙa rami kamu ɗaya faɗi kamu ɗaya zurfi. In ka ci karo da marmara a ƙasa ka daure ka fasa ta da diga, in ba haka ba saiwar za ta nannaɗe a sama bishiyar ta tsumbure. Ƙasar saman da ka fara cirewa ita za ka gauraya da taki kwano biyu ka mayar ciki, amma taki wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ɗanyen kashin kaji ko na shanu ƙona dashe yake kuma yana jawo gara. Lokacin dasawa shi ne da damina ta zauna, Yuli zuwa farkon Agusta, da yamma, dashen ya kai kamar tsawon kamu. In naka bai kai ba bar shi a leda har wata daminar, kawai ka riƙa ɗaga ledar lokaci-lokaci kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Yage ledar a hankali, sa shi daidai zurfin da yake a da, danna ƙasar da ƙafa, ka yi masa ɗan gurbi zagaye ka zuba bokiti guda.

Ranar da ka dasa ranar za ka kewaye, kada ka ce sai gobe. Duk ɗacin ganyen nan akuya ba ruwanta, da rani in ta rasa kore tas za ta yi masa. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ko tubali ka jera da 'yan ƙofofi, ko tsohon kwando, duk wanda ka samu.

Ranin farko shi ne jarrabawar. Mutane na jin an ce tana jure fari sai su watsar da ita tun tana jaririya, alhali juriyar sai saiwa ta yi nisa a ƙasa. Kuma ɗan yayyafi kullum ba shi ne ba, yana sa saiwa ta tsaya a sama. Ba ta bokiti cikakke duk kwana uku ko huɗu ya nutse sosai, ko ruwan alwala da na wankin shinkafa ka tara mata, banda mai omo. Abin da ya fi min aiki shi ne tsohon tulu, na binne shi gefen dashen har wuya ina cika shi ina rufe bakin da fasasshen kasko, ruwan na tsatsowa a hankali ta jikin yumɓun, ko rana ta kai ina in ka tona gefen za ka ji sanyi. Rufe gindin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa amma kada ya taɓa jikin itacen, in ka ga gara barbaɗa toka. Daga damina ta biyu zuwa ta uku ka janye hannu, ta kama kenan.

Tana tasowa ka riƙa cire rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi ka bar kai ɗaya ya miƙe, ka kafa mata sanda saboda iskar farkon damina. Fure kuwa sai ta shekara uku zuwa biyar, kuma in kana son sa kada ka bari a yi mata askin kwal-kwabo don itacen girki kamar yadda ake yi wa na bakin titi, wadda aka sare wa kai sai ta ɗau lokaci tana mayar da ganye kafin ta sake fure. Rage reshe ɗaya ko biyu da suka yi kan rufi ya isa, shi ma bari sai furen ya gama zuba.