Yadda Kamfani a Birtaniya Zai Shirya wa Dokar Harajin 'Yan Kwangila ta IR35

Tun shekarar 2000 Birtaniya ke da dokar IR35, wadda ke bin sawun mutumin da ya buɗe ɗan kamfaninsa yana karɓar kuɗin aiki ta cikinsa, alhali a zahiri aikin ma'aikacin albashi yake yi, domin ya biya haraji kamar ma'aikacin albashi. Da can ɗan kwangilar ne ke tantance matsayinsa. A Afrilun 2017 aka mayar da wannan nauyi kan ma'aikatun gwamnati, sannan daga 6 ga Afrilun 2021 ya hau kan manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu. Duk mai kamfani a can da ke ɗaukar masu harkar kwamfuta ko injiniyoyi a kwangila, abin na iya shafarsa.

Da farko ka gano ko dokar ta hau kanka, domin ƙananan kamfanoni ba sa ciki. Ana kallon abu uku, kamfani kuma ƙarami ne idan bai haura biyu daga cikinsu ba: cinikin shekara na fam miliyan 15, kadarorin fam miliyan 7.5, da ma'aikata 50. Waɗannan sababbin alƙaluma ne na shekarun lissafi da suka fara daga Afrilun 2025. Kafin nan miliyan 10.2 ne da miliyan 5.1. Ba nan take suke fitar da kamfani daga dokar ba, don haka ka zauna da akantanka ya faɗa maka shekarar da za su fara aiki a kanka.

Sai ka tattara sunan duk wanda ke yi maka aiki ta kamfaninsa, har da waɗanda kamfanin dillancin ma'aikata ya turo maka. Su ne aka fi mantawa.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ake tuntuɓe. Ka ɗauki kowane mutum shi kaɗai, ka duba yadda aikin yake gudana a zahiri. Wa ke cewa a zo ƙarfe tara a tashi ƙarfe biyar? In bai samu zuwa ba, yana da ikon turo wani a madadinsa ya biya shi daga aljihunsa? In aikin ya lalace, shi zai gyara da kuɗinsa? Mutumin da ya shekara uku a tebur ɗaya, da kwamfutar kamfani, da katin shiga rataye a wuya, yana neman izinin manaja kafin ya tafi hutu, da wuya hukumar haraji ta HMRC ta yarda ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, komai kyan takardar kwangilarsa. Saboda haka kada ka tsaya ga lauya kawai. Ka tambayi shugaban sashen da ke ganinsa kullum.

HMRC na da manhajar tantancewa ta kyauta a intanet mai suna CEST, kuma ta ce za ta tsaya kan sakamakonta muddin amsoshin da aka shigar gaskiya ne. Ka buga sakamakon ka adana. Amma kada ka yi wa kowa kuɗin goro. Dokar ta buƙaci a yi tantancewar da kulawa, kuma jefa kowa cikin IR35 don gudun wahala zalunci ne ga masu sana'a na gaske. Su kansu ma'aikatun gwamnati ba su tsira ba: ma'aikatar ayyuka da fansho ta biya kusan fam miliyan 88 saboda kuskuren tantancewa.

Bayan nan ka rubuta takardar bayyana matsayi tare da dalilai, ka ba ɗan kwangilar da kuma dillalin da ya turo shi. Muddin ba ka bayar ba, harajin na wuyanka. Idan ɗan kwangilar ya ƙi yarda da hukuncin, kwana 45 kake da su ka amsa masa a rubuce.

Wanda ya faɗa cikin dokar, mai biyansa zai riƙa cire harajin kuɗin shiga da na inshorar ƙasa kafin kuɗin su shiga hannunsa, ga kuma kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar aiki ke biya daga aljihunsa, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2025. Ka lissafa wannan tun da wuri, ka kira mutanenka ku tattauna farashi ido da ido kafin su ga ragi a asusunsu. Duk lokacin da yanayin aikin wani ya sauya ko aka sabunta kwangilarsa, sai a sake tantance shi daga farko.