Kurakuran da masu tara katin besbol suka fi yi wajen musaya ido da ido

Tun 1980 masu tara katunan 'yan wasan besbol a Amurka suke yin babban taronsu na ƙasa kusan duk shekara, ban da ƙananan kasuwannin ƙarshen mako. Amfanin zuwa can shi ne katin yana hannunka. Abin da ke damuna, da yawa ba sa dubawa: da sun ga sunan gwarzonsu sai jiki ya ɗau rawa.

Kamfanonin tantance kati irin su PSA da SGC suna ba da maki daga 1 zuwa 10, abu huɗu kuma suke kallo: kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Kai ma su za ka duba. Nemi izinin mai shi, ka karkata katin ƙarƙashin fitila, ƙarzanen da ya ɓuya zai fito. Ka riƙe ɗan abin awo a aljihu. Tun 1957 girman katin kamfanin buga katuna na Topps inci 2.5 ne a faɗi, 3.5 a tsawo. Idan katin waɗannan shekarun ya tsufa, kusurwoyinsa tsaf kamar yau aka buga shi, kuma bai cika awo ba, to an yi masa aski, wato an yanke gefunansa. Ajiye shi. Wanda aka riga aka rufe cikin robar kamfanin tantancewa, duba lambarsa a shafin kamfanin da wayarka, don ana yin robar jabu.

Sai kuɗi. Kuɗin da mutum ya sa wa katinsa a kasuwar intanet ta eBay buri ne kawai. Nemi nawa aka sayar da irinsa kwanan nan, mai maki ɗaya da shi, ka nuna wa abokin ciniki, shi ma ya nuna maka nasa. In dillali ne, kada ka ji haushi don ya taya ƙasa da kasuwa. Kuɗin hayar tebur ya biya, riba yake nema.

Sababbin shiga sukan ɗauka duk tsohon kati dukiya ne. Sun ji an sayar da katin shahararren ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 dala miliyan 12.6 a 2022, sun manta Topps ya sake buga wannan hoton a 1996. Juya bayan katin ka karanta ƙananan rubutun. Katunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kuwa an buga su birjik, yawancinsu ba su da wata daraja.

Kada ka ɗaure katunanka da roba, tana cin gefe. Kowanne a ledarsa, sannan cikin gida mai tauri. Kuma idan yaro ya miƙo maka kati mai tsada bai san darajarsa ba, ka faɗa masa gaskiya, a kira mahaifinsa kafin a ƙulla ciniki.