Yadda ake haɗa kimchi, tsimammen kabejin Koriya

Kimchi kabeji ne da aka barbaɗe da gishiri har ya yi laushi, aka cuɗa da yaji, aka bar shi ya tsima ya yi tsami. A Koriya da wuya a ajiye wa mutum shinkafa ba tare da shi a gefe ba, ko da safe ne. Yanzu kuwa ya tsallake iyaka, ana samunsa a manyan kantunan Turai da Amurka. Tun 2001 hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta fitar masa da ma'auni, a 2013 kuma UNESCO ta sa kimjang, wato taron da dangi da maƙwabta ke yi kafin hunturu su haɗa kimchin da zai kai su bazara, cikin al'adun da ake adanawa. Koriya ta Kudu ma ta ware masa rana tun 2020, ranar 22 ga Nuwamba.

Ganinsa ja wur yakan sa mai koyo ya tattara hankalinsa a kan barkono. Amma barkono baƙo ne a Koriya: daga nahiyar Amurka ya fito, bai isa can ba sai wajajen ƙarshen ƙarni na 16, alhali mutanen sun daɗe suna tsima ganye da gishiri. Har gobe akwai farin kimchi da ko ƙwayar barkono babu a ciki. Inda aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci shi ne wajen gishiri, don haka a nan zan fi daɗewa.

Abin da za a tanada

Kabejin da ake amfani da shi shi ne baechu, dogon nan mai lallausan ganye da farin gindi mai kauri. A nemi kilo 2. Kabeji mai zagaye ma yana yi, sai dai ya fi tauri, ya fi daɗewa kafin ya sha gishiri, ɗanɗanon kuma ba ɗaya ba ne. Sai gishirin teku mai manyan ƙwayoyi rabin kofi, ɓarzajjen barkonon Koriya da ake kira gochugaru kofi ɗaya, tafarnuwa kamar ƙwaya 12, citta guntu ɗaya, rabin albasa, lawashin albasa, da farin radish mai kama da ƙaton karas kamar giram 300. Akwai kuma romon kifi mai gishiri cokali biyar, ƙananan jatan lande da aka tsima cokali biyu, garin shinkafa mai danƙo cokali biyu, da sukari cokali ɗaya.

Gochugaru ba shi da zafi sosai, yana ma da ɗan zaƙi-zaƙi, shi ya sa ake zuba shi da kofi. Wanda zai musanya shi da barkono mai zafin gaske ya rage ƙwarai, in ba haka ba abin ba zai ciwu ba.

Mataki na farko: gishiri

A tsaga kabejin gida huɗu a tsaye, a cire ƙullutun gindin, a yayyanka shi manya-manya, faɗin yatsa uku. Matan Koriya a lokacin kimjang ba sa yankawa, tsagin suke ɗagawa ganye-ganye suna barbaɗa gishiri, ya shafe awa shida ko fiye. Ga mai koyo yankakken ya fi sauƙi, kuma babu abin kunya a ciki, su ma suna yin sa.

A ɗauraye, a zuba a babbar roba da danshinsa, a riƙa barbaɗa gishirin hawa-hawa, a fi yawaita shi a kan farin ɓangaren mai kauri. A bar shi awa biyu, duk rabin awa a juya na ƙasa ya dawo sama. Za a ga tulin ya zabge kusan rabi, ruwa ya taru a gindin roba.

Aiki biyu gishirin ke yi. Yana zuƙe ruwan ganyen, shi ya sa kimchi ke zama garas-garas a baki ko bayan wata guda. Yana kuma danne ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu ruɓar da abinci, ya bar wa masu jure gishiri fili, irin su Leuconostoc da Lactobacillus, waɗanda dama suna jikin ganyen tun daga gona. Su ne za su cinye sukarin kabejin su mayar da shi tsami. In gishiri ya yi kaɗan, kabejin zai yi yauƙi ya narke. In ya yi yawa, ƙwayoyin ba za su motsa ba, a yi ta jira shiru. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne gishiri kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin kimchin.

Kada a dogara da agogo kaɗai. A ɗauki farin yanki mai kauri a lanƙwasa shi: in ya ce ƙas ya karye, da saura, in ya lanƙwasu kamar fata, ya yi. Sai a wanke sau uku da ruwan sanyi, a ɗanɗana. Ya kamata a ji gishirin ya ɗan fi wanda ake so a miya, amma ba har a yamutsa fuska ba. A juye a kwando ya tsane, aƙalla rabin awa. Masu gaggawa a nan suke tafka kuskure, ruwan da ya rage ya tsinka yajin.

Mataki na biyu: yajin

Kafin kabejin ya gama tsanewa, a dama garin shinkafar da ruwa kofi ɗaya da rabi, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri, a zuba sukari, a sauke. Sai ya huce sarai. Amfaninsa shi ne ya manna yajin a jikin ganye, ya kuma zama abincin ƙwayoyin tsami. A markaɗa tafarnuwa, citta da albasa, a haɗa da damammen garin shinkafar tare da romon kifi, jatan lande da gochugaru, sannan a zuba radish da aka yanka siri-siri da lawashi. A yi hattara da citta, in ta yi yawa ɗaci take kawowa.

Wanda ba ya cin kifi ba a bar shi a baya ba. A gidajen ibadar mabiya Buddha a Koriya ana yin kimchi babu kifi, babu tafarnuwa, babu albasa, da romon waken soya ake gyara ɗanɗanon.

Mataki na uku: cuɗawa da ɗurawa

A sa safar hannu, don barkono ba ya raga wa fata. A cuɗa kabejin da yajin har kowane yanki ya samu rabonsa, a ɗura a kwalba ko roba mai murfi, tsaftatacciya. A danna sosai iska ta fita, ruwa ya taso ya rufe ganyen. Kada a cika ta maƙil, a bar sarari kamar yatsa uku, a kuma ɗora ta a kan faranti, domin in tsima ta kankama takan tumbatsa.

Mataki na huɗu: jira

A ajiye a inuwa. In ɗakin yana wajen digiri 18 zuwa 20, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. In zafi ya kai digiri 30, yini guda ma na iya yin yawa, sai a riƙa dubawa. A buɗe murfin sau ɗaya a rana iska ta fita, a danna da cokali mai tsafta. Da an ga ƙananan kumfa na tasowa, ƙamshin ya fara tsami, a kai firji. A da Koriyawa manyan tulunan yumɓu da ake kira onggi suke binnewa a ƙasa lokacin hunturu, ƙasar ta hana kimchin da ke ciki daskarewa ta kuma hana shi ɗumi. Tun shekarun 1990 firji na musamman na kimchi ya karɓi wannan aiki a yawancin gidaje. A ganina tsimar sanyi a hankali ta fi ta zafi daɗi nesa ba kusa ba: tsamin yana fitowa tas, ba ya yin kaifi. Ana iya ci tun ranar farko, amma sati biyu zuwa uku a firji ne yake kaiwa ganiyarsa.

In an ga farin abu ya shimfiɗu a saman tsohon kimchi, yawanci yis ne da iska ta ba dama, a kwashe saman a danna sauran cikin ruwa. In kuwa fumfuna ce mai gashi, kore ko baƙa, a zubar duka, kada a yi jayayya da ita.

Wanda ya yi tsami har ba ya ciwuwa haka nan, shi ne na girki. Da shi Koriyawa ke yin miyar kimchi jjigae da soyayyar shinkafa da wainar fulawa ta kimchijeon, kuma ruwan da ya taru a gindin kwalbar ake zubawa a tukunyar tare da shi.