Amfanin layin nan na bakin tawul

'Yan uwa wannan layin da ake saƙawa kusa da bakin tawul ba ado kawai ba ne fa, shi ke riƙe bakin kar zaren ya warware, kuma yana sa tawul ya zauna daidai bayan wanki. Amma in kina wankewa da ruwa mai zafi sosai wurin ne ke fara tsukewa sai ki ga ya tattare, don haka mai ɗumi ya isa. Omo kaɗan, ki ɗauraye sosai don ragowar kumfa ke sa shi tauri ya daina shan ruwa. Ki kakkaɓe kafin shanya, da damina kar a bar shi a jiƙe a banɗaki wallahi wari yake yi. Zare in ya fito ki yanke da almakashi, kar ki ja.