Yadda za ki yi jinyar mai kansar tumbi a lokacin kemo

Ga 'yar'uwa da aka ce mata ciwon maigida ko Baba ya wuce tumbi ya kama tantanin da ke lulluɓe da kayan ciki, ga abin da na koya a jinyar yayana, muna zirga-zirga tsakanin Agege da asibitin LUTH a Idi-Araba.

Kafin a fara komai, ki tambayi likita kai tsaye: wannan kemo ɗin, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, don me? Idan kansa ta bazu a ciki, galibi ana ba da shi ne don danne ta, a rage wahala, a ƙara kwana cikin sauƙi. Jin haka da ciwo, amma gara ki sani kafin a sayar da fili. Ki kuma tambaya ko an gwada HER2, wani sinadari da ake samu a jikin ƙwayoyin wasu kansar, a naman da aka cire, domin idan akwai shi ana iya ƙara maganin trastuzumab.

In an yi tiyata, sai ɗinkin ya warke ake fara kemo, bayan 'yan makonni. Yayana CAPOX aka ba shi: ƙarin ruwa na oxaliplatin ranar farko, ƙwayar capecitabine safe da yamma kwana 14, hutu kwana 7, sannan a sake. Ƙwayar ana shanta da ruwa cikin minti 30 bayan cin abinci. Kowane zagaye sai an yi gwajin jini, don haka ki yi shi tun ana gobe, ki fito da asuba saboda cunkoson hanya.

Abin da ba na so ki manta shi ne sanyi. Oxaliplatin ba ya shiri da shi ko kaɗan. A zafin Legas ɗin nan, yayana ya kurɓi ruwan leda mai sanyi ya ji maƙogwaronsa ya shaƙe, yatsunsa na tsikari. Kwanakin farko bayan ƙarin ruwa, ba ƙanƙara, ba sa hannu a firij. Tafin hannu da na ƙafa kuma a riƙa shafa musu mai. In sun yi ja suna zafi, a gaya wa likita.

Abinci kaɗan-kaɗan, kamar sau shida a wuni: ƙwai, kifi, farfesu, kunun gyaɗa mara sukari sosai. Zaƙi da yawa na kawo jiri da gudawa ga wanda aka yanke wa tumbi. In duka aka cire, allurar bitamin B12 ta zama dole har ƙarshen rayuwa. Masu dubiya za su zo da saƙe-saƙi da tsimi da zuciya ɗaya. Ki karɓa da godiya, amma kada ya sha sai likita ya sani. Azumi ma ya ajiye, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki. In zafin jikinsa ya kai 38, asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kada ki rufe zazzaɓin da farasitamol. Haka in ciki ya kumbura, yana amai, ba bayan gida ba tusa, domin alama ce hanji ya toshe.